Ina Kuka Kai Tabarmar Tsofaffi, da Audu a Cikinta?

Zuwa ga Mai Girma Manajan Gidan Talabijin, Kano.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, tun daga masu karanta labarai har zuwa maigadin bakin ƙofa, wanda yawan zuwana ya sa yanzu har goro muke raba wa juna. Allah ya ƙara lafiya, ya taya ka riƙon wannan babban aiki.

Sunana Muhammadu, amma in ka zo Gyaɗi-Gyaɗi ka tambayi Muhammadu za a yi ta yawo da kai gida-gida. Ka ce Ɗanlami Mai Jakai. Aikina tun ina saurayi shi ne kwaso taki daga cikin birni in kai gonakin Tarauni da Daurawa da Darmanawa, in dawo da itace ko kara, tun lokacin da duk wurin nan da ake yanka filoti dawa ce da gyaɗa. Yau jakan sun ƙare, ƙafafun ma sun kusa. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Yakubu, tsohon akawun reluwe, shi ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa. Ya ce ba haka ake rubuta wa manya ba, na ce ya rubuta yadda ta fito daga bakina. Don haka in ka ci karo da kalma mai tsauri tawa ce, in ka ga mai santsi shi ya saka ta ban sani ba. Shi ne kuma ya ba da shawara a kai ta jarida, wai ku manyan ma'aikata kafin ku saurari mutumin da ke bakin ƙofa kun riga kun karanta jarida.

Ba faɗa na zo yi ba. Kaina ne ya ɗaure, kuma ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Na farko, bari in gaya maka yadda muke da shirin nan naku na Tabarmar Tsofaffi, don ka san ba ɗan kallon wucewa ne ke maka magana ba.

A layinmu akwatin talabijin guda ne, na Alhaji Na'iya mai tifa. Ran da ya kawo shi ni na fi kowa kushe shi. Na ce akwatin ɓata yara ne, na ce ƙafata ba za ta taka wurin ba. Ina nan a kan bakana har wata Lahadi da na fito daga sallar isha'i, na jiyo muryar wani tsoho daga ƙofar gidan Alhaji yana ba da labarin shekarar da fara ta cinye gero, har mutane suka riƙa tona gidan tururuwa suna neman hatsi. Sai na tsaya cak. Labarin da kakata ta sha ba ni ke nan, kuma tun da ta rasu ban sake jin sa a bakin kowa ba. Na matsa, aka buɗa mini wuri. Daga ranar buzuna ya samu mazauni a gindin dakalin Alhaji, ba mai zama a wurin ko ban zo ba.

Abin da ya sa shirin ya shiga raina, ba ku cika shi da hayaniya ba. Ku shimfiɗa tabarma, ku zaunar da tsoho, ku bar shi ya yi magana. Mun ga maƙeri, mun ga masaƙi, mun ga tsohuwar ungozoma, mun ga wani da ya je Gwanja da ƙafa fataucin goro. Wasu gaskiya suke faɗa, wasu suna ƙara gishiri, ni kuma daga inda nake zaune sai in gyara musu. Alhaji kullum sai ya ce, wai Baba Ɗanlami ka daina ɓata yawunka, mutumin nan ba ya jin ka. Na san ba ya ji na. Waɗanda ke zaune a gefena nake so su ji. Lahadi bayan isha'i kowa ya san inda zai same mu, har mai shayin bakin titi a ranar yake dawo da teburinsa layinmu.

Na biyu, maganar Audu.

Audu Gwanin Rijiya abokina ne tun muna yawo ba riga. A Tarauni yake zaune. Rabin rijiyoyin da ke tsakanin nan da Darmanawa shi ya haƙa su, ragowar kuma ubansa ne ya haƙa. A bazarar da ta wuce wani saurayi daga gidanku, Malam Bashir, mai shirya wannan shiri, ya zo unguwa yana neman tsoho mai labari. Ni aka fara nuna masa. Na ce ni bakina ya yi yawa, in ana son wanda zai faɗi abu kaɗan mai nauyi, a je wa Audu. Ni na raka shi har ƙofar gida.

Audu ya ƙi. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ya ce shi fuskarsa ta ishe shi a ruwan rijiya. Sai da na yi ta zarya ina lallashi, na ce masa rijiyoyinka ana ta cike su ana ɗora bulo a kai, in ka tafi wa zai san an yi su? Da ƙyar ya yarda. Ran da motarku ta zo, matarsa Yalwa ta fito masa da babbar rigarsa ta sallah, wadda aka kai wa mabuga ta sha bugu. Mutanenku suka ce a'a, kayan aiki suke so. Aka yi ta ja, har aka daidaita a kan tsohuwar taguwarsa ta shiga rami da sabuwar hula. Haka kuka ɗauke shi, a bakin tsohuwar rijiyar gindin tsamiya, da rana tsaka kun kunna masa fitila a fuska. Ya faɗi yadda ake gane wurin ruwa, ya ambaci masu gonakin da suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma yi waƙar da mahaƙi ke yi a ƙasan rami don na sama su san yana numfashi, wadda in ta yanke sai a ja igiya da sauri. Rabon da in ji ta tun ina da baƙin gemu. Na ga mai riƙe da injin ɗaukar hotonku ya sunkuyar da kai.

Yalwa ba ta ga ko ɗaya ba. Maza ne cike da wurin, tana cikin gida. Abin da ta samu shi ne labari a bakin maƙwabta, da alkawarin cewa za ta gan shi a akwatin Alhaji.

Na uku, kuma nan ne gindin maganar.

Da ruwan shuka ya sauka, Audu ya kwanta, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Malam Bashir, Allah ya saka masa, ya zo ta'aziyya ran sadakar uku, ya cire takalmi ya zauna a tabarma tare da mu kamar ɗan gida. A nan ya ce tun da abin ya zo haka, za su sa na Audu a Lahadi mai zuwa don girmama shi. Mutane suka ce madalla. Ni na ce a'a.

Na ce masa, Malam, matar mamaci ta shiga takaba. Ba za ta fita ko nan da ƙofar gida ba sai ta gama. Gidansu babu lantarki, balle a ce a ɗauko akwatin a kai mata, kuma daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba wayar da za ta kai. Yaya za a yi duk garin Kano ya ga Audu yana magana, matar da ta zauna da shi tun tana yarinya ita kaɗai ce ba za ta gani ba? Na ce a ajiye shi sai ta fita. Malam Bashir ya ce gaskiya ne Baba, an ajiye. Liman yana wurin, Alhaji Na'iya yana wurin, da dattawan Tarauni. Liman ya ɗaga hannu, aka yi fatiha a kan maganar, aka shafa. Aka aika cikin gida aka shaida wa Yalwa.

Ranka ya daɗe, ban san yadda kuke ƙulla magana a ofis ba. Mu a nan, abin da aka faɗa a tabarmar ta'aziyya gaban liman aka shafa fatiha a kai, ya ƙullu. Da haka muke ba da gona aro, da haka muke sasanta 'yan'uwa, ba wanda ya taɓa cewa a kawo takarda. Ni da na ga ma'aikacinku ya ɗaga hannu ya shafa, na ɗauka gidanku ne gaba ɗaya ya shafa. Sai daga baya Malam Yakubu yake ce mini wai a wurinku abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗe shi ba ne, kuma in mutum ya bar kujera maganarsa ta bi shi. Har yau na kasa gane wannan. To shi wanda ya gaji kujerar, ba ya tambaya ko akwai amanar da aka bari?

Yanzu akwai masu cewa a unguwa da Ɗanlami bai tsoma baki ba da tuni kowa ya ga Audu. Suna faɗa a bayana, wasu a gabana. Su yi ta faɗa. Gobe in aka sake zaman nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma dai maganata ce a tsakiya, kuma ita ce ta sa tsohuwar nan take jira.

Na huɗu, yawon da kuka yi ta yi da shirin, wanda ko ni da na yi rayuwata ina bin jaki ban taɓa ganin abin da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya irinsa ba.

Da azumi ya kama kuka ɗauke shi kuka sa tafsiri. Wannan ba mai magana, mu ma mun zauna mun ƙaru. Bayan sallah muka koma ran Lahadi, sai muka tarar da wasu mutane daga Ikko, babban birnin ƙasa, sun kewaye tebur suna Turanci. Muka ce wataƙila na yau ne kawai. Lahadi ta sake zagayowa, su ne dai, har mun fara gane mai gilashin da ke yawan katse mutane. Ana nan sai mai shayi ya zo da labarin cewa ya ga Tabarmar Tsofaffi ran Talata. Muka ce Talata da yaushe? Ya ce da magariba.

Da magariba, ranka ya daɗe! Shirin tsofaffi, a sa shi lokacin da duk wani tsoho na ƙasar nan yake sahu. Wa kuka yi wa shi ke nan? Muna sallamewa mu taho da sauri, sai mu tarar ana kaɗa gogen rufewa, rubutu yana hawa sama. Ban ce limaminmu ya taɓa gajarta sura saboda wannan ba, kada a ce na ce. Na dai lura ran Talata ba ya tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci, kuma takalminsa a hannu yake tahowa da shi.

Muna ƙoƙarin sabawa da Talatar, sai ita ma ta ɓace. Wani mako ƙwallo. Wani mako aka bar mana wani zane mai da'ira a fuskar akwatin yana ta kuka kamar sauro. Malam Yakubu ya duba jarida ya ce an rubuta Alhamis. Muka zo Alhamis, sai Turawa a kan dawakai suna harbin juna. Ya sake dubawa ya ce jaridar ta makon jiya ce. Wata yarinya mai sanarwa ta fito rannan ta yi bayani mai tsawo da Turanci, ta kawo ɗan guntu da Hausa a ƙarshe, wai an yi sabon tsari, wasu shirye-shirye za su riƙa zuwa daga Ikko don ƙasa duka ta kalli abu ɗaya lokaci ɗaya. Ban ƙi ba. Ƙasa ɗaya muke, mun ga abin da rabuwar kai ta jawo mana. Amma su mutanen Ikko, ana ɗauke musu nasu a sa musu maƙerin Kano? Tambaya nake yi, don ban sani ba.

Na tashi na zo gidanku da kaina, ba sau ɗaya ba. Maigadi ya ce Malam Bashir an tura shi kwas ƙasar Turawa. Wani masinja ya ce ba haka ba ne, Kaduna aka mayar da shi. Na ce to shirin fa? Masinja ya ce an ɗage. Wani mai ɗamarar wuya da na tare yana shiga mota ya ce ba a soke ba, ana dai dubawa. Wata mai buga tafireta ta leƙo ta taga ta ce ita ta ji an ce zai dawo da sabon suna, da matasa a ciki. Tabarmar Tsofaffi da matasa a ciki! Na dawo gida da amsa huɗu, kuma in ka haɗa su ba su kai amsa ɗaya ba. Kai kuma kullum an ce kana taro.

Na biyar, Yalwa ta fita takaba.

Ranar da ta fita ta yi wanka, ta sa lalle, ta ɗaura zanen da ta daɗe tana ajiya, ta tako da ƙafa daga Tarauni har Gyaɗi-Gyaɗi, ga ciwon gwiwa. A lokacin jarida Alhamis ta ce. Kullum akwatin Alhaji a tagar zaure yake yana kallon waje, mata sai dai su leƙo ta bayan labule. Ran nan Alhaji ya ce a juya shi cikin gida. Ba wanda ya yi gardama, har samarin da ba su da kunya. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida gaban akwatin, matan layi suka kewaye ta, mu maza muka tsaya a zaure mun ce ko muryar ma ta ishe mu.

Ka san abin da kuka sa? Wasu ƙartin Turawa daga su sai ɗan kamfai, suna ɗaga juna suna makawa da ƙasa. Muna zaure muka ji salati ya tashi. Hajiyar gidan ta yaye mayafi ta rufe fuskar akwatin. Aka ce Yalwa ta daɗe tana kallon mayafin, sannan ta tambaya ko gobe ne.

Ba wanda ya iya ce mata ba gobe ba ne, don ba wanda ya sani. Tun daga ranar kullum sai ta zo. Da la'asar sakaliya za ka gan ta a hanya tana dogara sanda, ta yi magariba da isha'i a gidan Alhaji, ta zauna har a gama labarai, sannan a raka ta. Ta ce tun da ba a san ranar ba, gara kada ranar ta zo ba ta nan. Ta kalli ƙwallo, ta kalli masu Turanci, ta kalli yadda ake zuba takin zamani. Hajiya ta ce mata ta huta, in an fara za a aika a ɗauko ta a mota. Ta ce kafin mota ta je ta dawo ai ya gama waƙar.

Ga kuma abin da ya sa na kasa ci gaba da jira. Yalwa ba ta da ɗa a raye. Gidan na magada ne, kuma yadda aka saba, mace in ta gama takaba danginta ke zuwa su tafi da ita. Ƙaninta ya zo daga ƙauyensu can bayan Bunkure tun makon da ta fita. Ta ce masa kuɓewarta ba ta bushe ba. Ya sake zuwa, ta ce kazarta na kwanci. Mutumin kirki ne, ya gane, amma shi ma yana da gona da iyali. Ya ce bayan Babbar Sallah zai zo da mota, kuma wannan karon ba zai koma shi kaɗai ba. Garinsu ko fitilar ƙwai ba kowane gida ba, balle talabijin. In ta tafi, ta tafi ke nan.

Na shida, maganganu biyu da suka hana ni sakewa.

Wani mai sayar da goro ɗan Darmanawa ya rantse wai wata Talata da magariba, tun Yalwa tana cikin takaba, ya wuce wani kanti a Sabon Gari ya ga tsoho a akwati a bakin rami yana magana. Na ce Audu ne? Ya ce ya yi kama. Na ce wace irin hula ce a kansa, don ta Audu ja ce. Ya ce Baba, a akwatin nan kowa hularsa toka-toka ce. Na ce ya yi waƙa? Ya ce ta bayan gilashi ya gani, bai ji komai ba. Wani kuma ya ce wannan ba rijiya ba ce, marina ce, tsohon kuma mai rini ne. To in Audu ne, kun sa shi muna masallaci, matarsa tana ɗaki, ba wanda ya gani sai mai wucewa. In kuwa ba shi ba ne, yana ina?

Ta biyun ta fi tsorata ni. Sunday mai gyaran rediyo a titin gidan zu, wato gidan namun daji, wanda ya san kan irin waɗannan injuna, ya ce mini faifan da kuke ɗaukar mutane a kai tsada gare shi, daga waje ake kawo shi, don haka in ya kwana biyu a ajiye sai ku goge ku ɗauki wani abu a kai. Na ce goge kamar yaya? Ya ce kamar yadda ake wanke allo. Na ce Sunday, ai allo ba a wanke shi sai mai shi ya haddace abin da ke kai. Wa ya haddace Audu? Ya ce shi dai abin da ya sani ya faɗa. Tun ranar, duk lokacin da na ga masu ƙwallo suna gudu a akwatin sai in ce ko a kan Audu suke gudu. Ban faɗa wa Yalwa wannan ba. Na kuma roƙi Sunday ya riƙe bakinsa. Malam Yakubu ma ya yi mini alkawari in wannan takarda ta fito a jarida, zai tsallake wannan wuri in yana karanta wa jama'a.

Wataƙila ba haka ba ne. Wataƙila faifan Audu yana nan a kan kantar ajiyarku an rubuta sunansa, ana jiran wani ya tambaya. Ni ban san cikin gidanku ba, iyakata bakin ƙofa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka sa a fito a faɗa mana da Hausa, da baki, ko Tabarmar Tsofaffi tana nan ko ta mutu. In tana nan, a ba ta rana ɗaya ta zauna, kuma a faɗi lokacin yadda za mu gane, a ce bayan isha'i ko bayan la'asar, a raba ta da magariba. In Ikko ta karɓi Lahadi, mun bar mata, a ba mu ko wace rana ce. Kuma a yi sauri, don tsofaffin ba jiran tsarinku suke yi ba. Daga bazara zuwa yau, cikin waɗanda na yi niyyar nuna wa Malam Bashir, mun binne wanzamin Daurawa, tsohuwar mai kitson Tarauni kuma ta daina gane mutane.

Na Audu kuwa, in yana nan, a sa shi kafin layya, a yi sanarwa tun da wuri. In an riga an sa, a maimaita, ai na ga kuna maimaita na Turawan dawakai har mun san wanda zai faɗo. In tsarin Ikko bai bar muku wuri ba sam, to ku ba mu izini mu kawo ta nan gidanku, ku zaunar da ita a wani ɗaki ku kunna mata ita kaɗai. Alhaji Na'iya ya ce zai ajiye aikin yashi ya ɗauko ta a gaban tifa. Ba za ta taɓa muku komai ba, ba za ta daɗe ba.

In kuma abin da Sunday ya faɗa ne ya faru, to ina roƙonka don Allah kada a yi sanarwa a akwati, tana zaune a gabansa. Kada kuma a amsa mini a jarida, don nan in jarida ta zo a bainar jama'a ake karanta ta, kafin la'asar labari ya kai Tarauni a bakin da bai iya faɗa ba. Ka turo mutum ɗaya ya same ni, ya faɗa mini ni kaɗai. Ni na sa ta jira, ni zan je in zauna a ƙofar ɗakinta in gaya mata ta daina tahowa. Ni na saka Audu a kabari da hannuna, wannan ma zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne in ci gaba da ganin ta a hanya kullum da yamma, ta gaishe ni ta ce Malam Ɗanlami ko yau ne, in ce mata wataƙila.

Allah ya ba ka ikon duba wannan magana da idon rahama. Allah ya kare ka daga sharrin masu kai gulma, ya albarkaci zuriyarka, ya ba ka tsawon rai har ka tsufa a cikin mutanen da za su zauna su saurare ka. Allah ya jiƙan iyayenmu da naku.

Wassalam.

Ni ne naka,
Muhammadu Ɗanlami Mai Jakai,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.